Mai Neman Asalinsa Ya Fara Daga Ɗakin Kaka

A wani ɗaurin aure da na halarta kwanan baya a unguwar Zariya, nan Maraɗi, an shafa fatiha ana rabon goro da dabino, sai wani saurayi daga dangin ango ya warware wata doguwar takarda mai sheƙi, irin wadda ake bugawa a shagunan kwamfuta. An zana itace a jikinta, kowane reshe da suna. Sunan ango yana kan wani ɗan reshe can sama. Da aka biyo gangar itacen aka ratsa sarakunan Katsina, aka bi ta Daura, saiwar ba ta tsaya ba sai Bagadaza. Jama'a na ta ɗaukar hoto da salula. Da na samu sarari na tambayi yaron sunan mahaifiyar mahaifiyarsa. Ya yi jim, ya ce, "Wallahi Baba, mu dai Hajiya muke ce mata." Tsohuwar nan tana raye, tana ma cikin gidan da ake bikin.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba na zargin yaron, don sha'awar da ta sa ya zare kuɗinsa ya buga takardar nan sha'awa ce mai kyau, kuma ina ganin yadda take yaɗuwa a tsakanin matasanmu. Manyan gidaje da yawa yanzu suna da zaurensu a WhatsApp, ana taron dangi bayan salla, yara na tambayar daga ina aka fito. Hanyar da ake bi ce ta dame ni. Ana fara zaɓar kakan da ake so, sarki ko sharifi ko wani babban waliyyi, sannan a shiga neman sunayen da za a cike tsakani da su.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai fara binciken asalinsa ya fara daga kansa ya yi baya, uba bayan uba, uwa bayan uwa, daga bakin tsofaffin da ke raye, mata kafin maza. Ya rubuta abin da ya samu ko da bai yi masa daɗi ba. Inda sani ya ƙare kuma ya ajiye alƙalami. Sunaye biyar na gaskiya sun fi arba'in na aro amfani ga zuri'a.

Ba kowa ne ya fito daga fada ba

Tarihin garin nan ba ɓoyayye ba ne. Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soma a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu a 1807, gidan tsohuwar sarauta ya yi hijira zuwa arewa. Ɗan Kasawa ne ya zo ya kafa sarautar a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Gobirawa kuma sun rasa Alkalawa a 1808, suka daɗe ba su samu wurin zama ɗaya ba, sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri.

Wannan shi ne tarihin da maroƙa ke rerawa, shi ne kuma kowa ke so ya rataya sunan gidansu a jikinsa. Amma Ɗan Kasawa bai zo da 'ya'yan sarki kaɗai ba. Akwai maƙeran da suka ƙera masu da takubba, da dukawan da suka ɗinka sirdi da linzami, da marina, da masaƙa, da mahauta, da wanzamai, da malamai da almajiransu, da bayi. Sun kuma tarar da mutane a bakin gulbi, manoma da maharba da masunta, masu gadonsu da al'adunsu tun kafin a yi zancen hijira. Daga baya Barebari suka zo, da Adarawa, da Buzaye, da Fulani. Zamanin gyaɗa ya jawo fatake da 'yan ƙwadago daga ko'ina, aikin gwamnati ya kawo Zabarmawa, kasuwa ta kawo Yarbawa. Yawancinmu jikokin waɗannan ne, kuma ban ga abin sunkuyar da kai a ciki ba.

A yi ɗan lissafi ma. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, na gaba da su 16, na gaba 32. Idan ma gaskiya ne ɗaya daga cikin 32 ɗin nan ɗan sarki ne, ina sauran 31? Jininsu ne ke gudana a jikinka daidai da nasa. Takardar da ta bi mutum ɗaya ta watsar da saura ba ta ba ka labarin asalinka ba, labarin gidan sarauta ta ba ka, shi kuwa yana da masu tsaronsa a fada.

Jika ke iya tambayar abin da ɗa ba ya iyawa

Dalilin da ya sa na ce a fara daga ɗakin kaka dalili ne na cikin al'adarmu. Ɗa ba ya zama gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, mata nawa ka aura kafin Inna, me ya raba ku?" Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, matar kirki ta dā ba ta kama sunan mijinta ko na surukanta. Alkunya ta toshe ƙofofi da yawa tsakanin ɗa da iyayensa. Amma ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce wasan jika da kaka. Tsohuwar da ke ce wa jikanta "mijina" ko ta ce wa jikanyarta "kishiyata" za ta faɗa masa abin da ba za ta taɓa faɗa wa ɗan cikinta ba. Sunan da bakinta ba zai iya furtawa ba za ta kewaya, ta ce "mai sunan limamin unguwarmu", kai kuma ka gane.

Mata ne kuma suka riƙe rabin labarin da maza ba su damu da shi ba. Namiji zai jero maka ubanni, ya faɗi gona da sarauta da yaƙi. Mace ce ta san daga wane ƙauye aka kawo amarya, wa ya yi mata rakiya, wace ce ta yi yaji ba ta dawo ba, wane yaro ne ya rasu kafin suna, wa ya sha nonon wa. Ita ta halarci wankan jego da zaman takaba. Gwaggo, ƙanwar uba ko yayarsa, ita ce rumbun labarin dangin uba. Kawu da innoni su ne na dangin uwa. Kada a raina tsohuwar kishiyar kaka, ko tsohuwar maƙwabciya da aka yi shekara hamsin ana ɗebo ruwa tare, don sau da yawa na gefe ya fi na ciki sakin baki.

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu irin na 'yan lekol, da biro, da salular da za ta ɗauki murya, da goro ko sabulu na gaisuwa. A nemi izini kafin a ɗauki murya, a kuma gaya wa tsohuwa inda maganarta za ta je. Kada a shiga da tambaya irin ta alƙali. "Kaka, a wace shekara aka haife ki?" tambaya ce da ke kashe hira nan take. "Kaka, wa ya yi miki kitson aure?" ita ce ke buɗe ta. A tambayi abincin da aka ci ranar, da jakin da ya ɗauko kaya, da rijiyar da ake sha. Sunayen mutane da na garuruwa za su fito da kansu a cikin labarin. A bar ta ta yi ta kewaye, kada a katse ta don ta bar hanya, domin abin da kake nema sau da yawa yana cikin kewayen. Idan ta gaji a tashi, a dawo wata rana a sake tambayar abu ɗaya ta wata fuska.

Duk abin da aka ji a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a kuma rubuta ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Wannan 'yar ƙa'ida ita ce ta raba bincike da hirar dare. Idan Gwaggo ta ce kakanku daga Tasawa ya zo, Kawu ya ce daga Gazawa, a rubuta duka biyun, kowanne da mai shi. Wataƙila duk suna da gaskiya, an haife shi a ɗaya ya yi zama a ɗaya.

"Ai mu ba mu da takardu"

Wannan shi ne uzurin da na fi ji, musamman daga 'yan boko. Suna ganin Turawa na buɗe kwamfuta su ga sunan kakansu na shekara ɗari biyu a rajistar coci, sai su ce mu ba mu da wannan gatan, don haka aikin banza ne.

Gaskiya ne takardunmu kaɗan ne, kuma waɗanda ke akwai ma sai an yi hattara da su. Dattawa da yawa takardarsu ta haihuwa alƙali ne ya yi ta bayan sun girma, an rubuta da Faransanci cewa an haife su "wajen" shekara kaza, daga baya aka mayar da ranar 1 ga Janairu. An rage wa wasu shekaru don su samu shiga lekol. A zamanin Nasara ana ƙirga mutane ne don haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, don haka maigida mai hankali ba ya faɗin dukan mutanen gidansa. Ga kuma rikicin rubutu: Usman ɗin da ke Katsina shi ne Ousmane a Maraɗi, Yusufu shi ne Issoufou, Tsibiri ta zama Tibiri, Tasawa ta zama Tessaoua. Mai bincike ya saba da neman suna ɗaya ta fuska uku.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan, shi ne riƙo. Yaron da kawunsa ya riƙe, ko almajirin da ya girma gidan malaminsa, ko agolan da ya tashi gidan mijin uwarsa, sau da yawa sunan mai riƙon ne aka rubuta masa a matsayin uba ranar da aka kai shi makaranta. Takarda ta ce abu ɗaya, dukan unguwa sun san wani abu dabam. Ga takwara kuma: a gida ɗaya za a samu Mamman uku, kaka da jika da ɗan ɗan'uwa, idan ba a haɗa da laƙabi ba sai a narkar da su su zama mutum ɗaya. Mu kuma a nan ba mu da sunan gida mai ɗorewa, kowa sunansa da na ubansa yake ɗauka, shi ya sa sunan kakan kaka ke ɓacewa da wuri idan ba a rubuta ba.

Duk da haka, ba gaskiya ba ne cewa babu komai. A buɗe tsohuwar adakar Kaka da gafakar Malam. Malamai da yawa suna rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littattafansu ko a cikin kundi. Akwai tsohon fasfo na aikin hajji, da takardun fansho na mazan jiya da suka yi wa Faransa soja, da rasiɗin haraji, da takardar sayen gona ko fili, da hotunan da mai hoto ya buga hatiminsa a baya. Gara da ruwan damina na cin waɗannan kowace shekara. Ɗaukar hotonsu da salula aikin yini ɗaya ne.

Sunaye ma shaida ne. Wanda ake kira Nomau an haife shi lokacin noma, Azumi cikin watan azumi, Tanko ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Ajuji kuwa uwarsa ta sha binne 'ya'ya kafin shi. Zanen fuska shaida ne: Bagobiri da zanensa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ba ya ɓuya. Yanzu da aka daina zane, tsohon wanzamin gidanku shi ne zai gaya maka irin askar da ake yi wa kakanninka da abin da take nufi. Har taubasantaka shaida ce. Idan ka ga wata ƙabila ko wani gida da dattawanku ke wasa da su tun fil azal, ka tambayi dalili.

Shekara ba ta da lamba, amma tana da suna

Tsofaffinmu ba su ƙirga shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, kuma wannan ya ishi mai bincike. Yunwar Kakalaba ta faɗo a 1913 zuwa 1914. Ambaliyar gulbi da ta cinye tsohon garin Maraɗi, har aka tashi aka hau tudu inda muke yanzu, a 1945 ta faru. An samu 'yancin kai a 1960. Soja suka hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974, a tsakiyar babban fari. Yunwar da ake kira El Buhari ta zo a 1984, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka.

Idan tsohuwa ta ce, "Ina goye da babanka aka yi ruwan da ya tashi gari," ka samu shekarar haihuwar babanka fiye da yadda katinsa zai ba ka. Idan ta ce an yi aurenta zamanin Sarki Buzu a Maraɗi ko zamanin Agada Nagogo a Tsibiri, ka samu iyakar da za ka nema a ciki, sai ka ƙara matsewa da wata tambaya. Ambaliyar 1945 tana da wani muhimmanci ga 'yan cikin gari: duk gidan da ya san unguwar da yake a tsohon gari, Bagalam ce ko Mokoyo ko 'Yandaka ko Limanci ko Maradawa, ya riƙe bakin zare mai ƙarfi, don tsofaffin unguwanni da sana'o'insu da manyan gidajensu aka san su.

Lissafin nan shi ne kuma ke kama ƙarya. Daga zuwan Ɗan Kasawa zuwa yau an haura shekara 200. A ƙa'ida shekara ɗari na ɗaukar zuriya uku ko huɗu. Idan takardarka ta kai ka ga Ɗan Kasawa da sunaye uku kacal, to ko an tsallake mutane ko an yi ɗori. Na san akwai dattijon da ke haihuwa yana da shekara saba'in, wannan na iya miƙa lissafi, amma ba a kowane hawa ba. Baki yakan tsallake wanda bai yi suna ba, ya manne jika da kakansa.

A nan ne maganar maroƙa ta shigo. Ba na cikin masu cewa a watsar da su. A cikin kirari akwai sunayen garuruwa da sana'o'i da laƙabban da babu su a ko'ina. Amma maroƙi sana'arsa yabo, kuma mai biki ne ke biyansa. A saurare shi, a rubuta, a auna da abin da tsofaffin gida suka faɗa. Idan bakinsu ya zo ɗaya, madalla. Idan maroƙi kaɗai ne ya san kai jikan Kaura Hasau ne, shahararren mayaƙin nan na Maraɗi, Gwaggo ba ta taɓa ji ba, ka rubuta cewa maroƙi ne ya faɗa.

"Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta"

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma dattawa masu hankali ne ke yin ta. Suna tsoron a tono bauta, ko a tono cewa kakan kaka bai yi salla ba, ko a tono cikin da aka rufa wa asiri shekara sittin. Ba na ɗaukar tsoron nan da wasa. A ƙasar nan har yanzu ana fasa aure saboda kalmar "asali". Dokar Nijar ta 2003 ta mayar da bautar da mutum babban laifi, amma ba ta goge gorin da ke bakin mutane ba.

Amsata kashi biyu ce. Na farko, ka binciki gidanku, ka bar gidan maƙwabci. Kuma ba duk abin da ka sani ne na zauren WhatsApp ko Facebook ba. Abin da tsohuwa ta faɗa maka da amana, ya shafi mutuncin wani mai rai, amana ne. Akwai abin da ake rubutawa a ajiye, akwai wanda ake bari a ciki har sai waɗanda zai ɓata wa rai sun kau. Sanin wannan bambanci yana cikin aikin.

Na biyu, mu dubi abin da muke jin kunyarsa da idon basira. Ƙarni na 19 a yankin nan ƙarnin hari ne. Mayaƙan Maraɗi da Tsibiri na kai hari kudu, na kudu na kawo hari arewa, zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya shahara da wannan. Wanda aka kama yana noma a gonarsa, ko yarinyar da aka sure a hanyar rijiya, wane laifi suka yi? Idan akwai abin kunya, yana wuyan wanda ya kama ya sayar. Matar da aka raba da garinsu tana ƙarama, ta rayu, ta haifi zuri'ar da yau ta cika unguwa, ta cancanci jikokinta su san sunanta su yi mata addu'a. Goge ta daga takarda a maye gurbinta da gimbiya zalunci ne na biyu a kanta. Ni ina ganin ɓoyon da muke yi shi ke ba gori ƙarfi, don da kowane gida zai san tarihinsa na gaskiya, da masu gorin ma sun tarar da irin labarin a nasu ɗakin.

Haka zancen kakannin da suka yi gargajiya. Musulunci ya shigo gidaje a lokuta dabam-dabam, wasu ƙauyukan kwarin gulbi ba su daɗe da barin al'adun Anna, wato masu addinin gargajiya, ba. Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, iyayen da yawansu gumaka suka bauta wa, kuma ba a goge sunayensu daga nasaba ba. Sanin wanda ya fara salla a gidanku, da malamin da ya musuluntar da shi, labari ne da ya kamata a yi godiya a kansa.

Malamai sun ce alfahari da nasaba jahiliyya ce

Haka ne, kuma wannan hujja tana tare da ni. Abin da addini ya hana shi ne taƙama da asali da raina na wani, wato ainihin abin da takardun aro ke ciyarwa. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafi daraja kuwa shi ne mafi tsoron Allah. Hadisi ya zo da umarnin a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, wani kuma ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Sayyidina Abubakar ya shahara da sanin nasabar Larabawa. Mai ƙirƙiro wa kansa sharifta ya kamata ya ji tsoro, mai neman sunan kakarsa kuwa lada yake nema.

Ana neman na tuwo, wa ke da lokacin wannan?

Mai wannan magana bai taɓa zama wurin rabon gado da ya cakuɗe ba. Gonar da aka bari shekara arba'in ba a raba ba, magada sun mutu sun bar magada, ba mai warware ta sai wanda ya san wa ya haifi wa, wa ya riga wa rasuwa. Rigingimun gona da ke cika fadar hakimai da kotuna, da yawansu tushensu shi ne an manta ko aro aka ba kakan wane, ko jingina, ko kyauta. Tsofaffin da suka san iyaka da itacen da aka yi shaida da shi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ga aure. Wanda bai san wa ya sha nonon wa ba yana iya haɗa auren da shari'a ta haramta. Gidan da ake yawan auren zumunci, kuma aka san yara sun sha rasuwa da ciwon ƙashi da kumburi, ya kamata ya gane alamar sikila ya tura masu niyyar aure gwajin jini.

Ga zumunci. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar dangi. Da wuya ka samu gida a Maraɗi ko Madarunfa ko Ɗan Isa da ba shi da jini a Jibiya ko Katsina ko Kano. Wasu kakanni sun tafi fataucin goro Gwanja ba su dawo ba, zuri'arsu na zangon Kumasi. Wasu sun tafi hajji da ƙafa suka zauna a Sudan. Yaran yanzu da ke tafiya neman kuɗi suna kwana a tasha a garin da suke da 'yan'uwa, don ba wanda ya gaya musu.

Masu hali kuma na tambaya game da gwajin ƙwayoyin halitta da ake aika yawu Turai ko Amurka. Gwajin zai iya cewa jininka na Afirka ta Yamma ne, ya kawo kaso-kaso na yankuna. Ba zai faɗi sunan kakarka ba, ba zai ce daga Mayahi aka kawo ta ba. Kuɗin da za a kashe a kansa ya isa motar zuwa ƙauye sau da yawa, da goron gaisuwa.

Bayan an gama da gida

Sai an tatse abin da ke gida sannan a fita. A je ƙauyen da aka ambata, a gaida maigari da liman, a nemi mafi tsufa. Fadar Maraɗi da ta Tsibiri da ta Tasawa suna da masu riƙe da jerin sarakuna da masu sarauta, wanda bincikensa ya kai shi can da hujja ya je da ladabi ya tambaya. A Yamai akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, inda rahotannin Nasara kan garuruwa da hakimai suke, akwai cibiyar IRSH mai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai CELHTO da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka. A Kaduna ma akwai gidan ajiye takardu da Arewa House, ga wanda danginsa suka fito daga kudu. Sai dai mai farawa ya sani, waɗannan wurare sun fi ba da labarin gari da masu mulkinsa. Da wuya ka tarar da sunan kakanka manomi a ciki, amma za ka fahimci yunwa ko haraji ko rikicin sarautar da ya tashe shi daga garinsu.

Ina da roƙo ga malaman makaranta, na boko da na islamiyya. A babban hutu a ba yara aikin rubuto sunayen kakanninsu huɗu, da garin kowanne, da sana'arsa, da labari ɗaya daga bakin tsoho. A yi shi da lura, kada a sa yaro ya karanta nasa gaban aji dole, don akwai marayu, akwai kuma waɗanda labarin gidansu ke da rauni. Gidajen rediyon garin nan su ma suna iya ware wa tsofaffin unguwanni fili, mata da maza, a ajiye muryoyin.

Wanda ya riga ya tara nasa kuma kada ya bar shi a salula kaɗai, salula na faɗawa ruwa, ana sace ta. A kwafe a littafi da tawada mai kyau, a rubuta sunayen mata cikakku kamar na maza, a bar gurbi fari inda ba a sani ba don wani ya cike nan gaba. A yi kwafi uku ko huɗu a raba gidaje dabam-dabam, ɗaya wajen dangin uwa, ɗaya wajen 'yan'uwan da ke tsallaken iyaka, a kuma karanta shi a taron dangi tun tsofaffin da za su ce "a'a, ba haka ba ne" suna zaune a wurin.